Daga ɗakin inji zuwa allon ofis: yadda muka haɗa jirgin ruwa da intanet a Onne

Jirgin na alminiyam ne, tsawonsa mita 19, yana kwasar ma'aikata daga tashar Onne da ke kusa da Fatakwal, ya bi kogin Bonny ya fita bakin teku ya dawo. Injin dizal biyu gare shi, wutarsa volt 24. Abin da masu shi suka nema ba shi da yawa a baki: su zauna a ofis su ga inda jirgin yake, da man da ya sha, da zafin injunansa, da awannin da kowane inji ya yi don a san lokacin juye baƙin mai. Kwana tara aikin ya ci. Shida daga ciki a durƙushe muka yi su muna bin waya. Ɓangaren intanet da gajimare (kwamfutar haya da ke ajiye bayanan ta intanet), wanda kowa ke ɗokin gani, kwana biyu kawai ya ɗauka, rana ta ƙarshe kuma gwaji ne a kan ruwa.

Ranar farko ko noti ɗaya ba mu kwance ba. Takarda da biro muka ɗauka, muka rubuta duk na'urar da ke cikin jirgin da yaren da take ji. Na'urorin jirgin ruwa yare biyu suka fi amfani da shi. Tsohon shi ne NMEA 0183: na'ura ɗaya ce ke magana a kan waya biyu, sauran su saurara, a gudun 4,800, ko 38,400 idan bayanan AIS ne, wato na'urar da ke shelanta wurin jirgi ga sauran jirage. Sabon kuma NMEA 2000, wanda aka gina kan tsarin CAN irin na motoci, gudunsa kilobit 250 a daƙiƙa, duk na'urori su hau waya ɗaya, kowa ya faɗi nasa ya ji na kowa. Allon taswira da rediyon jirgin suna jin sabon yare. Ma'aunin zurfi tsoho ne, muka yanke shawarar sauya shi. Injuna kuwa nasu yaren daban, zan zo kansa.

Da wuta muka fara, domin mafi yawan abin da ake ɗora wa manhaja laifinsa daga wuta yake tasowa. NMEA 2000 yana aiki ne tsakanin volt 9 zuwa 16, idan aka ba shi 24 kai tsaye an ƙona na'urori. Muka sa na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12, irin wadda shigarta da fitarta ba su haɗa wayar baƙi ba, saboda a jirgin alminiyam duk wutar da ta sami hanyar bi ta jikin jirgi cin ƙarfen take yi a hankali cikin ruwan gishiri. Kuma daga batiran hidima muka ɗauko wutar, muka ƙyale batiran tayar da inji. Lokacin da sitata ke juya injin dizal wuta kan faɗi ƙasa na ɗan lokaci, wannan faɗuwar ta isa ta kashe kwamfuta ta sake kunna ta. Fis na amfiya 3 muka sa wa layin, na babbar waya kuma bai wuce santimita 18 daga inda aka ɗauko wutar ba, don guntun wayar da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai kare shi.

Wanda ya saba haɗa sola a Kano ko Zinder, ya murɗa waya biyu ya naɗe da salatif ta shekara biyar ba abin da ya same ta, sai ya ajiye wannan sabo a bakin ruwa. Iskar Bonny gishiri ce da laima. Jan ƙarfe tsirara yana yin baƙi ya koma kore, tsatsar ta bi cikin roba ta yi nisa ba a gani. Wayar da aka shafe silinta da kuza muke sawa, a matse bakinta da abin matsewa na gaskiya, a rufe da robar nan mai gam a ciki da ke tsukewa idan ta ji zafi. Duk wayar da za ta shiga akwati kuma sai an lanƙwasa ta ƙasa kafin ta hau, ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa maimakon ya shiga na'ura.

Sai uwar waya. Tsarin NMEA 2000 kamar titi ne ɗaya miƙaƙƙe: uwar waya ta taso daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kowace na'ura ta hau ta mahaɗa mai baki uku da ɗan reshenta. Reshe ɗaya ba ya wuce mita 6, jimillar rassa duka ba ta wuce mita 78, siririyar uwar waya kuma iyakarta mita 100, na'urori 50. A cikinta sili biyar ne: ja da baƙi na wuta, fari da shuɗi na bayanai, sai tsirarar wayar kariya, wadda ake haɗawa da at, wato wayar ƙasa, a wuri ɗaya tak. Idan aka haɗa ta a wuri biyu ta zama hanyar wuta, ta jawo hayaniyar da aka sa ta ta tare.

Tamu ta kai mita 22 daga ɗakin tuƙi zuwa bayan ɗakin inji. A nan akwai lissafin da mutane ke tsallakewa. Kowace na'ura an rubuta mata lambar LEN, wato yawan wutar da take ja, a jikinta ko a takardarta, LEN ɗaya miliamfiya 50 ke nan. Namu suka taru 31, wato amfiya 1.55, bai kai iyakar siririyar waya ba. Amma siririyar waya tana cinye wuta a hanya. Lissafin gaggawa shi ne tsawon waya sau jimillar LEN sau 0.0053. Da mun shigar da wutar daga ƙarshe ɗaya, 22 sau 31 sau 0.0053 zai ba da volt 3.6, alhali ba a son raguwar ta wuce volt ɗaya da rabi. Sai muka shigar da ita ta tsakiya, kusa da inda nauyi ya fi yawa. Ɓangaren ɗakin tuƙi mita 6 da LEN 21, raguwa volt 0.67. Ɓangaren inji mita 16 da LEN 10, raguwa 0.85. Alamar wanda bai yi wannan lissafi ba ita ce na'urar da ke can ƙarshe ta riƙa ɓacewa tana dawowa, musamman da asuba kafin a tayar da inji, lokacin da batir ya yi sanyi.

Kowane ƙarshe na uwar waya ana toshe shi da murfi mai om 120. Biyu ake sawa, ba ƙari ba ragi. Aikinsu shanye saƙon da ya kai ƙarshen waya don kada ya dawo ya yi karo da na bayansa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kashe wuta, a ɗora mitar gwaji tsakanin fari da shuɗi. Om 60 shi ne daidai. Idan ta nuna 120, murfi ɗaya ya ɓace ko waya ta katse a tsakiya. Idan ta nuna 40, murfi uku ne a kan layin. Mu 40 muka gani bayan mun gama haɗawa. Muka riƙa cire rassa ɗaya bayan ɗaya muna aunawa, sai da muka cire na kwamfuta mita ta koma 60. Ƙaramin allon CAN da ake ɗora wa ƙaramar kwamfutarmu, Raspberry Pi, yana da nasa om 120 a jikinsa, an bar shi a haɗe. Muka raba shi, magana ta ƙare. Abin da ke sa wannan matsala wuyar kamawa shi ne layin yakan yi aiki da murfi uku a bakin tasha, sai an fita ruwa injuna sun ɗauki zafi saƙonni su fara zubewa.

Injunan suna magana da J1939, yaren manyan motoci da janareto. Shi ma CAN ne, gudunsa ma ɗaya da na NMEA 2000, wannan ya sa wasu ke jona su kai tsaye. Ban yarda da haka ba ko kaɗan. Lambobin saƙonninsu sun bambanta, allon taswira ba zai fahimci yawancinsu ba, kuma mafi muni, idan ruwa ya shiga wata mahaɗa a ɗakin tuƙi matsalar za ta iya kaiwa ga kwamfutar inji jirgi yana tsakiyar ruwa. Kowane inji muka sa masa ɗan tafinta, mai sauraron injin kawai ba ya ce masa komai. Yana ɗaukar juyin inji daga saƙo mai lamba 61444 ya mayar da shi 127488, zafin ruwa da ƙarfin baƙin mai da shan mai da awannin aiki kuma ya tara su a 127489.

Da muka kunna, allurar juyin inji a allo ta riƙa tsalle tsakanin 700 da 1,200. Injunan lafiyarsu ƙalau. Tafintocin ne duka biyu suka zo daga kamfani da lambar shaida 0, sai allo ya ɗauka inji ɗaya ne ke faɗin magana biyu. Na hagu ake ba 0, na dama 1. Haka tankunan mai da batira, kowanne da lambarsa, kuma a rubuta a takarda, domin ranar da aka sauya na'ura sabuwar da 0 za ta zo.

Maganar mai ita ce ta fi cin lokaci, kuma ita ce ta fi jawo rigima tsakanin ofis da ma'aikatan jirgi idan ba a yi ta da kyau ba. Shan man da inji ke faɗa lissafi ne da kwamfutarsa ke yi daga abin da ta umarci nozul su fesa, ba awo ba ne, saboda haka ana buƙatar shaida ta biyu daga tanki. Tankunan biyu ne, kowanne lita 2,000. Abu na farko a san irin ma'aunin da ke ciki. Na Amurka yana ba da om 240 idan tanki ya ƙare, 33 idan ya cika. Na Turai yana tashi ne daga wajen 10 zuwa 180. Wanda ya zaɓi kishiyar abin da ke tankinsa zai ga mai yana ƙaruwa jirgi yana tafiya. Abu na biyu siffar tanki. Ƙasansa ya bi siffar cikin jirgi, ya tsuke a ƙasa ya buɗe a sama, don haka rabin tsayi bai kai rabin mai ba. Muka juye man tanki ɗaya cikin ɗan'uwansa, muka riƙa zuba lita 200 muna jira ya natsa muna rubuta abin da ma'auni ya nuna, har sau goma, sannan muka shigar da jadawalin cikin na'ura. A namu, da ma'auni ya nuna rabi, abin da ke ciki bai kai lita 800 ba. Da an bar shi haka, duk tafiya sai a ce ɗaruruwan lita sun yi ɓatan dabo, a zargi mutanen da ba su taɓa komai ba. Ga kuma tangal-tangal da mai ke yi cikin igiyar ruwa. Muka sa na'ura ta riƙa ɗaukar matsakaicin minti uku, muka kuma gaya wa ofis cewa awon da za a yi hukunci da shi shi ne wanda aka ɗauka jirgi yana ɗaure a tasha.

Ma'aunin zurfi sai da aka ɗaga jirgin sama. Kansa da ke leƙa ruwa ta ƙasan jirgi na roba muka sa. Na tagulla haram ne a jikin alminiyam, domin ƙarfe biyu mabambanta cikin ruwan gishiri batir suke zama, alminiyam ɗin ne kuma ke narkewa. Irin wanda ake mannawa daga ciki ba tare da huda ba a jirgin faiba yake aiki. Wurin da za a huda ma sai an duba: kada ya zama bayan bakin shan ruwan inji ko bayan wani tudu a jikin jirgi, don kumfar da ke biyo baya tana makantar da shi da zarar an ƙara gudu. Muka auna daga kansa zuwa ƙasan farfela, santimita 60, muka cire wannan a saiti, yadda lambar da matuƙi ke gani ita ce ruwan da ya rage masa kafin ya taɓa laka. Kamfas kuma muka nesanta shi fiye da mita ɗaya daga lasifika da manyan wayoyin batir. Eriyar GPS ba ta son ƙololuwar sanda, inda layin jirgi ya fi yawa, kuma ba ta son tsayawa a saitin hasken rada. Kan rufin ɗakin tuƙi muka kafa ta, ƙasa da rada, inda take ganin sama sosai.

AIS ita ce na'urar da ke shelanta sunan jirgi da wurinsa da gudunsa ga jiragen da ke kusa, a kan megahaz 161.975 da 162.025. Manyan jirage suna ɗaukar aji A mai wat 12.5. Mu aji B mai wat 5 muka sa, wanda ke kama wa kansa gurbin magana kamar yadda aji A ke yi, ya fi mai wat 2 da sai ya saurara ya ji shiru kafin ya yi magana. A mashigar Bonny, inda tankokin gas da jiragen kwantena ke wucewa, wannan bambanci yana da amfani. Lambar MMSI, wato lambar shaidar jirgi a rediyo, lambobi tara ce, ta jiragen Najeriya tana farawa da 657. A karanta ta sau biyu kafin a danna, don na'urori da yawa sau ɗaya suke karɓa, gyara sai an koma wurin dila. Ana kuma shigar da nisan eriyar GPS daga goshin jirgi da bayansa da gefe biyu, da shi sauran jirage ke zana girmanka a allonsu.

Eriyar AIS daban muka yi mata, sama da ta rediyo da mita biyu, tunda jirgi mai mita 19 ba shi da filin raba su mita goma a kwance. Tsohuwar wayar eriya RG-58 ce mai mita 15, wadda a wannan zango take cinye kusan rabin ƙarfin rediyo kafin ya kai sama. Muka sauya ta da RG-213. Mitar SWR, mai auna ƙarfin rediyon da eriya ke mayarwa baya, ta nuna 1.3, duk abin da bai kai 1.5 ba yana da kyau, idan ya haura 2 a nemi ruwa a cikin mahaɗa. Wani abu kuma da ya kamata kowa ya gwada: a buɗe rediyo a tasha marar magana, a saita ta daidai inda shuuu ɗin ya ɗauke, sannan a kunna fitilun LED ɗaya bayan ɗaya. Idan shuuu ya dawo, wannan fitila tana toshe kunnen rediyo da AIS. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2018. A namu fitilar haska bayan jirgi ce, da an kunna ta jiragen nesa su ɓace daga allo. Muka sauya ta.

Sai a rana ta bakwai muka zo kan kwamfuta. Raspberry Pi 4 ce cikin gidan alminiyam mai shan zafi, don tana rage gudu da kanta idan ta kai digiri 80. Manhajar Signal K muka ɗora mata, kyauta ce, tana karanta NMEA 2000 ta mayar da shi rubutun da kowace manhaja za ta iya ɗauka. Kafin a buɗe ta ana ɗaga layin CAN a gudun 250000 a duba da candump, umarnin da ke nuna saƙonnin da ke bin waya. Idan lambobi suna zubowa, waya ta yi. Idan shiru, a duba ko an juya fari da shuɗi.

Signal K ba ta amfani da ma'aunan da matuƙi ya sani. Gudu mita a daƙiƙa take bayarwa, kusurwa da radiyan, zafi da kelbin, juyin inji kuma a daƙiƙa maimakon minti. Injin da ke juyi 1,800 zai fito 30, ruwan da ke digiri 80 zai fito 353.15, gudun jirgi na not 18 kuma 9.26. Wanda ya manta ya juya su zai tayar da hankalin ofis a banza. Sannan GPS uku ne a jirgin: na kan rufi, na cikin allon taswira, da na AIS. Idan ba a faɗa wa manhaja wanda za ta fifita ba, sai ta riƙa ɗaukar wannan ta ɗauki wancan, sawun jirgi a taswira ya fito kamar haƙoran zarto.

Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batir. Idan ta tashi babu intanet, daga lokacin da ta mutu take ci gaba da ƙirga, sai bayanan safiyar yau su shiga da kwanan jiya. Muka sa mata ɗan agogo DS3231, muka kuma sa ta riƙa gyara lokacinta daga GPS. Komai da agogon duniya na UTC ake ajiye shi, allon ofis ne ke ƙara awa ɗaya ya nuna lokacin Najeriya. Katin memori ma muka raba ta da shi muka sa SSD, ma'ajiyar bayanai da ta fi kati juriya, saboda rubutu dare da rana yana gajiyar da kati, ɗaukewar wuta ana cikin rubutu kuma tana lalata shi. Muka ƙara mata ɗan ma'ajin wuta da ke riƙe ta kamar minti ɗaya ta rufe kanta idan an kashe babban makunni.

Hanyar fita rauta ce mai sim biyu na kamfanoni daban-daban, idan ɗaya ya yanke ta koma ɗayan. Kusa da eriya muka kafa ta muka jawo wayar netwok zuwa ƙasa, don a zangon wayar salula wayar eriya tana cin sigina fiye da yadda take ci a rediyo nesa ba kusa ba. An yi maganar Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Yana magance yankewar sabis a teku, amma farantinsa yana jan wat 50 zuwa 100. A ce 75: amfiya 3 ke nan a volt 24, wajen amfiya-awa 75 a yini, alhali kwamfuta da rauta tare ba su kai wat 15 ba. Ga kuɗin wata. Tunda yawancin hanyar jirgin cikin kogi ce, muka bar masa waya da gurbi kawai. Rada kuwa ba ta taɓa wannan rauta ba. Hotonta ta wayar netwok yake bi zuwa allo, yana watsuwa ga duk wanda ke kan layin, idan ya shiga Wi-Fi sai ya shaƙe shi.

Ba duk abin da ke yawo a uwar waya ake aikawa ba. Wurin jirgi kaɗai sau goma ake faɗarsa a daƙiƙa. Layin da ya cika kashi 30 cikin ɗari yana fitar da wajen megabait 800 a yini tun kafin a mayar da shi rubutu. Mu saƙo ɗaya muke haɗawa duk daƙiƙa 10, mai kimanin bait 300: wuri, gudu, alƙibla, zurfi, injuna, tankuna, batira. Saƙo 8,640 a yini, megabait 2.6, ƙasa da 80 a wata, ko an ninka shi biyu saboda kayan rufin asiri bai kai data ɗin kallon ƙwallo ɗaya ba. Da MQTT, tsarin aika gajerun saƙonnin na'urori, ake aikawa ta ƙofa 8883 a rufe da tsarin ɓoye saƙo na TLS, kowane jirgi da takardar shaidarsa.

Doka ɗaya na fi tsayawa a kanta: a fara rubutawa a cikin jirgi, sannan a aika. Kowane saƙo yana shiga layin jira a SSD, ba a share shi sai sabar ta ce ya iso. Wannan mataki na MQTT yana tabbatar da isowa aƙalla sau ɗaya, ma'ana wani saƙon zai iso sau biyu, don haka sunan jirgi da lokacin saƙo su ne shaidarsa, na biyun ya hau kan na farko. Idan sabis ya dawo kuma, sabon wuri ake fara turawa kafin tsofaffi, kada ofis ya zauna yana kallon inda jirgi yake awa biyu da suka wuce.

Gajimare dai kwamfutar wani ce da ake haya. Muka ɗauki ƙaramar saba mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 a cibiyar AWS ta Cape Town, wadda aka buɗe a 2020. Mosquitto na karɓar saƙo, InfluxDB na ajiyewa, Grafana na zanawa. Bayanan daƙiƙa 10 suna zama kwana 90, daga nan a matse su zuwa matsakaicin minti biyar. Da dala ake biyan haya, saboda haka tun ranar farko muka sa ƙararrawar kuɗi. Faɗakarwa huɗu kawai muka kunna: zafin inji ya wuce digiri 95 na tsawon minti ɗaya, batiran hidima su sauka ƙasa da volt 24, jirgi ya fita daga iyakar da aka zana masa, ko ya yi shiru minti 15. Idan suka yi yawa mutane daina karantawa suke yi. Ƙararrawar matuƙi kuwa tana nan a jirgi yadda take, ba ta jiran intanet.

Tsaro a wannan ruwa ba maganar takarda ba ce. Mashigin tekun Gini ya sha fama da masu satar ma'aikatan jirage, allon da ke nuna inda jirgin ma'aikata yake da lokacin da ya saba wucewa abu ne da ba a bari a hannun kowa. Kowane mai dubawa da sunansa da kalmar sirrinsa da tabbaci na biyu ta waya, wanda ya bar aiki a rufe nasa ran nan. AIS ma duk mai eriya yana jin ta, shi ya sa ƙa'idar hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta bar wa kyaftin damar kashe ta idan ya ga barinta a kunne haɗari ne, muka sa masa makunnin yin shiru kusa da hannunsa. NMEA 2000 ba ya tambayar mai magana ko shi wane ne, duk abin da ya hau waya ana yarda da shi, don haka muka hana kwamfutar rubuta komai a kan layin, saurare kawai take yi. Babu ƙofar da ke buɗe daga waje. Jirgi ne ke kiran saba ta rufaffiyar hanyar WireGuard, ta nan muke shiga gyara. Wi-Fi na ma'aikata kuma an raba shi da na na'urori, an yanka masa iyakar data. Tun 2017, shekarar da cutar kwamfuta ta NotPetya ta durƙusar da ayyukan kamfanin jiragen ruwa na Maersk, IMO ta zartar da ƙuduri MSC.428(98) da ya sa haɗarin kutse cikin tsarin kiyaye lafiyar jirage daga 2021. Ƙaramin jirgi irin wannan ko dokar ba ta hau kansa ba, kamfanonin da ke hayarsa suna tambaya.

Ranar gwaji muka fita da safe ruwa a kwance. Muka yi da'ira a hankali har kamfas ya gama koyon ƙarfen da ke kewaye da shi, muka gwada alƙiblarsa da ta GPS a kan miƙaƙƙiyar tafiya ta fuska huɗu. Zurfi muka gwada da igiya mai dalma a baki, bambancin bai kai santimita 20 ba, wanda laka mai laushi ta isa ta kawo. Muka ɗaga injuna daga 1,000 zuwa 1,400 zuwa 1,800, kowane mataki minti biyar, wani yana karanta agogon inji ta rediyo wani yana duba allon gajimare. Muka danna rediyo a wat 25 muna kallon ko wata na'ura za ta ƙifta, muka kunna injin jan anga da famfunan kwashe ruwa gaba ɗaya. Babu wadda ta faɗi.

Daga nan muka zare sim duka biyu na awa ɗaya cif jirgi yana tafiya. A minti na 15 faɗakarwar shiru ta isa ofis. Da muka mayar da su, sabon wuri ya fito nan take, gibin da ke taswira ya cike cikin ƙasa da minti biyu. Awa ɗaya saƙo 360 ne, muka ƙirga a rumbu muka sami 360. Na ƙarshe, muka kashe babban makunni ba tare da sanarwa ba, muka jira minti goma muka kunna, kwamfuta ta tashi da lokacinta daidai ta ci gaba da aikawa.

Kafin mu sauka muka manna takarda mai rufin leda a cikin murfin akwatin: zanen uwar waya da wurin murfi biyun, jerin na'urori da LEN da lambar shaidar kowacce, jadawalin tankuna, girman kowane fis, da awon ranar, wato om 60 tsakanin fari da shuɗi, volt 12.1 a ƙarshen ɗakin inji, SWR 1.3. Muka bar wa injiniyan jirgin mahaɗa biyu, murfi ɗaya, reshe mai mita 2 da fis biyar a cikin leda, muka nuna masa inda zai ɗora mita duk wata uku.